Kurmin Da Aka Dasa Da Hannu

A tsakiyar birnin New York na Amurka akwai babban lambu mai suna Central Park, girmansa eka 843. Cikinsa akwai kurmi mai duwatsu da rafuka, inda malamai sukan kai 'yan makaranta su koyi sunayen itatuwa da tsuntsaye. Baƙo zai yi tsammani haka wurin yake tun farkon halitta. A'a, mutane ne suka tsara shi a 1858, suka dasa itatuwan.

Kafin nan kuwa akwai mazauna. A 1857 hukuma ta tashi mutum wajen 1,600 domin a yi lambun. Cikinsu har da 'yan ƙauyen Seneca, yawancinsu baƙar fata, masu majami'a uku da makaranta. An biya masu filaye diyya, amma ƙauyen ya watse.

To, malamin da ya koya wa yaro sunan kowane itace, ya yi shiru a kan ƙauyen, ya faɗi gaskiya ke nan? Ƙarya dai bai yi ba. Duk da haka yaron zai koma gida yana zaton ba wanda ya yi hasarar kome, gama inuwa kaɗai aka nuna masa. A 2011 masu bincike suka haƙa kufan ƙauyen, suka sami butar shayi da takalmin ƙaramin yaro.