Misalan Linjila: Yadda Maƙwabtanmu Kiristoci Suka Ɗauki Almasihu



'Yar'uwa uwargida, a nan Tsafe, da Gusau da Bungudu, muna tare da Kiristoci a kasuwa da asibiti da makaranta, wasunsu ma Hausawa ne 'yan ƙasa kamar mu. Ba mamaki wata rana ɗanki ya dawo daga makaranta ya ce: "Inna, me ya sa abokina yake kiran Annabi Isa ɗan Allah?" To, amsar da ya samu daga bakinki ita ce za ta zauna masa a zuciya. Shi ya sa ya kamata ki san inda suka samo wannan fahimta.

Littafinsu cikakke ya fito da Hausa tun 1932. A cikinsa akwai labarai gajeru da suke kira misalai, waɗanda suka ce Almasihu ne ya buga su. Kin san buga misali ba baƙon abu ba ne gare mu, domin Alƙur'ani ma ya buga misali da gizo-gizo da sauro.

Babba daga ciki shi ne na littafin Markus, sura ta 12. Shugabannin Yahudawa ne suka tare shi a wurin ibadarsu na Ƙudus, suna neman ya faɗi wanda ya ba shi ikon abin da yake yi. Sai ya ba su labarin wani mai gonar inabi da ya damƙa ta ga manoma, bisa sharaɗin in kaka ta yi su ba shi rabonsa. Ya aiki bara, suka duke shi. Ya aiki wani, suka ji masa rauni. Wani kuma suka kashe. Daga ƙarshe ya aiki ɗansa abin ƙaunarsa, su kuwa suka kashe shi don su cinye gadon. Kiristoci suna fassara mai gona da Allah, barori da annabawa, ɗan kuma da Almasihu. Kin ga ke nan a wurinsu labarin ya ɗaga shi sama da sauran annabawa, ya kuma yi nuni da gicciyewar da suka yi imani da ita.

Haka nan a Luka sura ta 15, da aka zarge shi da cin abinci tare da masu zunubi, ya kawo misalin makiyayi da ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda da ta ɓata. Sai suka ce shi ne makiyayin. A Matiyu sura ta 25 kuwa, akwai mai rarrabe mutane ranar hisabi kamar yadda ake ware tumaki da awaki. Daga nan suka jingina masa hukuncin lahira.

Mu kuwa, Alƙur'ani ya yanke mana magana. Ya kira shi Almasihu a Suratu Ali Imrana, ya girmama mahaifiyarsa Nana Maryam, wadda ita kaɗai ce macen da ya ambata da suna. Amma Suratu Maryam, aya ta 30, ta nuna tun yana jariri ya shaida shi bawan Allah ne kuma Annabi. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore kashe shi da gicciye shi. Mu'ujizojinsa duka da izinin Allah (SWT) suka auku, hukuncin ranar sakamako kuma na Allah ne Shi kaɗai.

Saboda haka, uwargida, in yaro ya zo da tambaya, kada ki kore shi da tsawa, kada kuma ki koya masa zagin addinin wani. Zaunar da shi ki ce: ga yadda suka fahimta, ga abin da Allah Ya sanar da mu. Ki nuna masa imanin Musulmi ba ya cika sai da son Annabi Isa (AS). Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umarce mu da kyautata lafazi in muna muhawara da ma'abota littafi, haƙƙin maƙwabtaka kuma bai faɗi don saɓanin addini ba. Yaron da aka rena a kan sani, shubuha ba ta girgiza shi, kuma ba a saka shi cikin fitina da maƙwabci.

Allah Ya tabbatar da mu da zuriyarmu a kan tauhidi, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.