Manzo Bulus da Katin Zaɓe

A Ayyukan Manzanni sura 22 mun iske Manzo Bulus a ɗaure cikin Urushalima, ana shirin yi masa bulala. Sai ya tambayi hafsan da ke tsaye ko doka ta yarda a bugi ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba. Nan take masu bulalar suka ja da baya. Mutumin da ya koya mana cewa ainihin ƙasarmu tana sama, shi ne kuma ya san haƙƙinsa na duniya, bai ji kunyar nemansa ba. Wannan ya kamata ya ba waɗansunmu tunani, masu cewa zaɓe harkar 'yan duniya ce, namu addu'a kaɗai.

A Nijeriya ƙofar wannan haƙƙi ita ce rajista. Wanda sunansa ba ya cikin kundin hukumar zaɓe ta INEC ba shi da murya ranar zaɓe, kome yawan surutunsa a kasuwa. Ƙofar kuwa ba kullum take a buɗe ga kowa ba. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan 'yanci. Ke nan akwai kakanni a mazaɓar Shabu da Kwandere da aka haife su a zamanin da doka ba ta ƙidaya su.

Ku tuna da 2022. INEC ta sa 30 ga Yuni ta zama ranar rufe rajista, alhali jama'a na cike da layi. Ƙungiyar SERAP, wadda ba ta kowace jam'iyya ba ce, ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya tare da 'yan ƙasa 185, kotun kuma ta ba da umarnin wucin gadi cewa kada a rufe. A ƙarshe ta kori ƙarar, amma an ci gaba da rajista har 31 ga Yuli. Wata guda ke nan aka ƙaru da shi. Duk da haka mutum sama da miliyan 7 da suka fara cika takarda ta intanet ba su kai ga ɗaukar hoto da zanen yatsa ba, suka rasa zaɓen 2023. Abin da ya fi ciwo kuwa, cikin mutum miliyan 93 da ke cikin kundin, ko kashi 30 cikin ɗari ba su fito zaɓen shugaban ƙasa ba. Wannan kam ba hukuma ce ta hana su duka ba.

Akwai kuma Yiaga Africa da ke tura masu sa ido rumfunan zaɓe, da Inclusive Friends da ta matsa har aka samar wa makafi jagorar takardar ƙuri'a da suke karantawa da yatsa. Abin lura game da waɗannan ƙungiyoyi shi ne ba sa tambayar mutum wa zai zaɓa kafin su tsaya masa. A nan ne ikkilisiya take da darasi mai wuya. Yana da sauƙi mu yi kira ga rajista domin muna lissafin yawanmu. Amma idan muka ji zafi sa'ad da aka hana ɗan'uwa mai bi, muka yi shiru sa'ad da aka hana maƙwabcinmu Musulmi, to, ba adalci muke nema ba, rinjaye muke nema. Bagade kuma ba dandalin jam'iyya ba ne. Mai wa'azi ya koyar da gaskiya, ya bar kowa da lamirinsa.

Su wane ne ke faɗuwa a hanya a nan gida? Ɗalibin Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, wanda ya yi rajista a garinsu. Amaryar da aka kawo daga Akwanga. Iyalan da rikicin 2018 ya kora daga Keana, Awe, Obi da Doma, waɗanda katinsu ya ƙone tare da rumbunsu. Duk waɗannan ba sabuwar rajista suke bukata ba, yin ta sau biyu ma laifi ne. Abin da za su nema shi ne a mayar da sunansu rumfar da ke kusa, ko a sake musu katin da ya ɓace, kuma kyauta ne.

Saboda haka dattawa su riƙa sanar da lokacin rajista bayan sujada. Zumuntar mata ta bincika gwauraye da tsofaffi. Matasa masu waya su taimaka wajen cika takarda, mai mota ya kai marasa ƙarfi ofishin INEC na Lafiya. Sa'ad da aka kafe jerin sunaye domin gyara, kowane maigida ya je ya duba na iyalinsa, da na gidan da ke jikin katangarsa.