Kafin ka tambayi kuɗin haya, nemi tsohon ɗan haya



Daren Juma'ar da ta wuce, bayan mun tashi daga karatu a nan Dawakin Tofa, wani tsohon ɗalibina ya biyo ni har ƙofar gida. Yaron shago ne a Kantin Kwari, yana zaune da iyalinsa a ciki da falo a wajen Kurna. Ya ce, "Allah gafarta Malam, bara dubu 250 na biya, bana an aiko min wai dubu 400, ko in biya ko in kwashe kayana. Wannan ba haramun ba ne?"

Na gane so yake in ce haramun ne, ko ya ji sanyi a ransa. Ban ce ba, don ba ni da ikon haramta abin da shari'a ba ta haramta ba.

Haya ciniki ce, sai dai amfanin gida ake saye, ba gidan ba. Malamanmu na Malikiyya sun kasa ta gida biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara ɗaya a kan kuɗi kaza. Wannan ta ɗaure kowa, mai gida ba shi da damar ƙara ko sisi kafin wa'adi ya cika, domin Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe. Akwai kuma ta wata-wata wadda ba a ambaci ƙarshenta ba, kowa na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. To in shekara ta ƙare, sabon ciniki ne, mai gida yana iya faɗin sabon farashi. Ko a Madina da kaya suka yi tsada, Sahabbai suka nemi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba.

Kuma a yi adalci, masu gidaje ma suna da abin faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Wata gwauruwar da ɗakuna uku na gado take ciyar da marayu. Amma a duba ɗaya ɓangaren: mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira dubu 71 ne. Ke nan dubu 400 ya haura albashin wata biyar cur, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a hau adaidaita ba.

Abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne kuskuren da mu masu barin ƙauye mu shiga birni muke yi. Dillali ya zagaya da kai Rijiyar Lemo da Bachirawa, tambayarka ɗaya ce: nawa ne? In ka ji da sauƙi sai ka ce Alhamdu lillahi, ka biya. Alhali kuɗin shekarar farko sau da yawa tarko ne. An san in ka yi fenti, ka jawo wuta, ka sa yara a Islamiyyar unguwa, matarka ta saba da maƙwabta, tashi zai yi maka wuya. A shekara ta biyu ake yanka ka.

Don haka na ce masa, in zai nemi wani gidan, ya fara neman wanda ya fi kowa daɗewa a cikinsa. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban dillali ba, ka tambaye shi shekararsa nawa a nan, sau nawa aka yi ƙari, kuma da wane irin baki aka zo masa da shi. Gidan da ka tarar da mai shekara bakwai ko goma a ciki ya riga ya ba ka shaida. Wanda kuwa kowa a cikinsa sabo ne, ko kyauta aka ce ka shiga, ka yi tunani. Mai shagon bakin layi da mai ga-ruwa sun san gidan da a-kori-kura ke yawan tsayawa a ƙofarsa. Wannan tambaya ba gulma ba ce, malamai sun halatta faɗin aibin mutum ga wanda ya nemi shawara zai ƙulla mu'amala da shi.

Ka kuma bincika hannun wa gidan yake. Dillali, ban ce duka ba, la'adarsa a kan sabon shiga take, zamanka na shekara biyar ba ya ƙara masa komai. Gidan gadon da ba a raba ba kuwa, ranar da magada suka shirya sayarwa, ranar za ka ji. Ni na fi natsuwa da gidan da mai shi yake unguwar, kuna haɗuwa a sahu ɗaya. Kunya tana aiki inda takarda ba ta kai ba.

Duk da haka a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu sai mu ce "ai mun yarda da juna." Ka nemi a ƙulla shekara biyu a kan kuɗi sananne, ko a faɗi na shekara ta biyun tun yanzu, shaidu biyu su sa hannu. In mai gida ya ƙi ko da jin zancen, ya gaya maka niyyarsa ke nan.

Ina cikin wannan bayani sai zuciyata ta tsinke, don ni ma ina da ɗakuna biyu a Dawanau, kusa da kasuwar hatsi, da wani ɗan dako yake ciki. Bara na aika masa da ƙari ta bakin yaro, saura kwana goma wa'adinsa ya cika. Ban karya hukunci ba. Amma Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙi wajen saye da sayarwa da neman haƙƙinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, ni kuwa ranar ban shiga cikin wannan addu'a ba. Bawan Allah bai ce min komai ba, ya biya. Daga baya na ji sai da ya sayar da akuyar matarsa. Na je na mayar masa da ƙarin, akuya dai ta riga ta tafi.

Shi kuma ɗalibin nawa mun yi da shi ranar Asabar bayan La'asar za mu je wajen mai gidansa tare da limamin unguwarsu, mu roƙa a raba ƙarin gida biyu, rabi bana rabi baɗi, a rubuta. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya tausasa zuciyarsa.