Hoton cikin yaro da tambayar gaibi

Apandisit kumburi ne na wata 'yar hanji da ke gefen dama na mara. Ciwon kan fara daga cibiya, ya gangara dama, da zazzaɓi da amai. A ƙauyukan Allakaye, cikin gundumar Bouza, sau da yawa akan fara ɗaukarsa ciwon ciki na yau da kullum: a ba yaro jiƙo, a karɓo rubutu, a jira gari ya waye. Matsalar ita ce ƙaramin yaro bai iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma 'yar hanjin tasa kan fashe da wuri.

A nan ekografi ke taimakawa. Ekografi, wanda ake kira sikanin a Najeriya, sauti ne da kunne bai ji, ana tura shi ciki ya dawo da hoto. Likita na shafa wani mai sanyi a kan cikin yaron, ya danna na'urar a hankali, dabarar da Puylaert, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana a 1986. In kaurin 'yar hanjin ya wuce milimita 6 kuma ta ƙi lotsawa, alamar ciwon ke nan.

A nan wasu dattawa ke tambaya: leƙa abin da Allah Ya rufe da fata ba shiga gaibi ba ne? Malamai sun raba gaibi biyu. Akwai wanda Allah Ya keɓe wa kanSa, kamar ranar mutuwa, akwai kuma wanda ya ɓuya wa wani ya bayyana ga wani, kamar hatsin da ke cikin rumbu. Kumburin hanji na biyun ne. Yana nan tun kafin a kunna na'ura.

Ita ma na'urar ba kullum take gani ba. Iska a hanji kan rufe hoton, hanjin da taifot ta huda kuma na iya rikita mai dubawa. Abin da likita ke samu rinjayen zato ne, kuma fiƙihu ya yarda a gina hukunci a kansa, kamar yadda matafiyi ke kintatar alƙibla ya yi salla. Nauyin yanke shawarar kai yaro asibiti kuwa na kan uba, tunda yaro bai mallaki shawarar kansa ba. Babba na iya jure ciwonsa ya kira hakan tawakkali, amma ba shi da ikon jurewa a madadin ɗansa, ko da asibitin da ke fiɗa yana can Tahoua ko Galmi, kuɗin mota kuma sai an sayar da akuya.