Al'ada da Sababi a Cikin Kwalbar Mai Bincike

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta sharhin Ummul Barahina na Shehu Sanusi na Tilimsan, ya san an kasa hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma na al'adar shi ne ƙulla abu biyu saboda yawan ganinsu tare, alhali kuwa yana halatta su rabu. Wannan mas'ala, wadda Imamu Gazali ya buga mata misali da wuta da auduga har Ibn Rushdi na Kurɗuba ya yi masa raddi, ita ce ta faɗo mini a rai sa'ad da nake nazarin sinadaran da ake kira alkin.

Su alkin an gina su ne da kabon da haidirojin, sai dai a cikinsu akwai ƙwayoyin kabon biyu da suka riƙe juna da igiya biyu, ta biyun kuwa ba ta kai ta farko ƙarfi ba, saboda haka da zarar wani sinadari ya kusato sai ta kwance ta karɓe shi. Ƙaraminsu, wato itilin, shi ne iskar da ke nunar da ayaba da mangwaro, kuma in aka ratsa shi cikin ruwan buromin sai launin ruwan ya gushe, ya koma garau.

A shekarar 1870 wani masani na birnin Kazan a ƙasar Rasha, Markonikof, ya fitar da ƙa'ida cewa idan gamin haidirojin da buromin ya sadu da alkin wanda ɓangarorinsa biyu ba daidai suke ba, haidirojin yakan nufi kabon ɗin da tun asali ya fi yawan haidirojin. Aka yi ta gwadawa tana tabbata, har ta shiga littattafai. Amma jefi-jefi sai gwajin ya juye, a sami akasin abin da ƙa'ida ta faɗa, masana suka shekara da shekaru cikin ruɗani, har 1933, lokacin da Karash da Mayo na Jami'ar Shikago suka bayyana cewa iska ce ke shiga kwalbar da ta daɗe a ajiye, ta haifar da wani ɗan sinadari, feroksayid, wanda ƙanƙaninsa ya isa ya karkatar da al'amarin zuwa wata hanya dabam.

A nan ne nake ganin wasunmu sun yi wa maganar magabata gurguwar fahimta, domin sun mayar da halaccin saɓawar al'ada ya zama uzurin barin bincike, da sun ga abu ya saɓa sai su ce ikon Allah, su naɗe tabarma. Ikon Allah ne, babu shakka, amma ranar da ƙa'idar ta tabbata ma ikonsa ne, kuma abin da aka zata keta al'ada ne a wannan kwalba, ashe wata al'ada ce ta Ubangiji a ƙarƙashin ta farko, wadda ta jira shekara sittin da uku kafin a sami masu haƙurin tsarkake kayan aikinsu su gan ta.