Haƙƙin Ɗalibai a kan Baƙon Mai Fasaha

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Arlit ta san gaskiyar wannan magana: kamfanin COMINAK ya haƙi uraniyom a Akokan daga 1978 zuwa 2021, ya rufe, ya bar wa mazauna tsibin tarkace. Don haka idan mawaƙi ko mai zane ya sauka a makaranta na ƴan makonni, wajibi ne malamai su tambaye shi abin da zai bari. Wanda ya kwashi muryoyin yara da hotunansu ya kai Turai, shi ma haƙa ya yi. Marigayi Abdallah Oumbadougou makarantar kiɗa ya buɗe a Arlit. Baƙon da ya horar da malami guda, ya bar jita a hannun ɗalibai, ya bi sawunsa, ya kuma sauke haƙƙin masauki.