Rigar Kare da Rigar Matalauci

Ya kai mai karatu, ka saurara, gama abin da za mu faɗa maka ya yi kama da wasa, amma akwai magana a cikinsa.

A Amurka da Ingila mutane da yawa su kan ajiye kare ko kyanwa cikin ɗaki tamkar ɗan gida. Sa'anda Kirsimeti ya zo, waɗansu su kan sa musu jar riga da jar hula, ko su ɗaura musu ƙahonin ƙarya. Haka kuma a ke yi ran 31 ga watan Oktoba, ranar bikin Halowin. A shekara ta 2023 an kimanta mutanen Amurka sun kashe wajen dala miliyan 700 a kan tufafin dabbobi domin wannan biki kaɗai.

Ko wannan zunubi ne? Littafi Mai Tsarki bai kafa doka a kansa ba, kada fa mu yi gaggawar hukunta kowa. Mu ma mun saba ganin doki da ado ran hawan salla. Amma mai bin Yesu ba ya tsayawa ga neman abin da ba a hana ba. Ya kan nemi abin da ya gamshi Ubangijinsa. Domin wannan sai mu auna al'amarin da mudu uku.

Na ɗaya, dabba. Kare ba ya yin zufa kamar mutum. Da haki ya ke fid da zafin jikinsa, riga mai kauri kuwa ta kan wahalshe shi cikin ɗaki mai ɗumi. Da kunne da wutsiya ya ke nuna tsoro ko murna. Kadan an rufe su, an rufe masa baki ke nan. Kyanwa kuma da harshe ta ke wanka, riga ta hana ta. Bargon da a ka yafa wa tsohon kare saboda sanyi jinƙai ne. Rigar da a ka cusa masa domin baƙi su yi dariya wani abu ne dabam. Littafin Misalai, sura 12, ya koya mana mai adalci ya kan kula da lafiyar dabbarsa. Bisa ga wannan haske wani limamin ekklesiya, Arthur Broome, tare da William Wilberforce da waɗansu, su ka kafa jam'iyyar hana zaluntar dabbobi a birnin Landan cikin 1824.

Na biyu, zuciya. Dabba ba ta san Kirsimeti ba, ba ta kuwa roƙi riga ba. Domin wa a ka yi adon? Kadan mai gida ya ga dabbarsa ta sunkuyar da kai tana yaƙushin wuyanta, ya ƙi tuɓe mata sai an yabe shi tukuna, ashe kansa ya ke ƙauna. Allah ya ba mutum iko bisa dabbobi, amma ikon nan amana ce, za a kuwa tambaye shi.

Na uku, maƙwabci. Ka tuna da mai arzikin nan na Luka sura 16, mai tufafi masu tsada, da Li'azaru a ƙofarsa. Karnuka ne su ka kula da miyakunsa, mai gida bai kula ba. Cikin Matta sura 25 Ubangiji ya lasafta tufasad da mai tsiraici kamar shi kansa a ka tufasar. Shi da mu ke murnar haihuwarsa, a komin dabbobi a ka kwantar da shi. Ina amfanin biki inda kare ya sha ado, maraya kuwa yana rawar ɗari?

Watakila za ka ce, ni ba ni da kare mai hula. Gaskiya ne, amma mudun nan uku naka ne kai ma. Ka ba dabbarka ruwa da inuwa da hutu. Kafin ka sayi kayan biki, ka leƙa ƙofar gidanka ka ga wanda ke kwance a wurin. Allah shi ba mu zuciya mai tausayi ga dukan abin da ya halitta. Amin.